MATSATTSAKU DA MAHARBANSU: SHARHI KAN WASAN TALABIJIN NA ULTRAVIOLET



Da farko dai wajibi ne mu gode wa kwamitin da ya shirya wannan zama, saboda damar da ya ba mu ta tsayawa gaban manya, alhali kuwa a wannan zaure akwai waɗanda suka fi mu ilmi da shekaru nesa ba kusa ba. Sa'ad da aka ce mu zaɓi wani wasan kwaikwayo mu yi sharhi a kansa, abokanmu da dama sun zaci za mu ɗauko ɗaya daga cikin namu na gida, kamar su Samanja da Kuliya na zamanin iyayenmu, ko kuwa Daɗin Kowa da Labarina na zamaninmu. Da suka ji mun ɗauko wani tsohon wasan Ingila mai kashi shida kacal, kuma wai a kan matattu masu shan jini, sai ɗaya daga cikinsu ya dube mu ya ce, "Ku kuwa, me ya haɗa kifi da kaska?" To, jama'a, amsar wannan tambaya ita ce jawabinmu na yau. Muna roƙon ku yi mana haƙuri har mu kai aya, domin tafiyar za ta fara ne daga birnin Landan, amma a Ruwan Godiya za mu sauka, garinmu da ke cikin ƙasar Faskari.

Sunan wasan Ultraviolet, watau wani irin haske da ke cikin hasken rana wanda idon ɗan Adam ba ya iya ganinsa. Tashar Channel 4 ta ƙasar Ingila ce ta nuna shi a watannin Satumba da Oktoba na shekarar 1998, kashi ɗaya kowane mako, har mako shida. Mutum guda ne ya rubuta dukkan kashi shidan, shi ne kuma ya ba da umurni, sunansa Joe Ahearne. Manyan 'yan wasan su huɗu ne: Jack Davenport, da Susannah Harker, da Philip Quast, da kuma Idris Elba, wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Gana. A lokacin Idris Elba bai yi sunan da ya yi daga baya ba. Bayan kashi na shida ba a sake yin wani zango ba. A shekarar 2000 an yi gwajin kashi ɗaya a Amurka da nufin a maimaita labarin can, amma abin bai ɗore ba. Ke nan wasa ne mai gajeren kwana, wanda mutum zai iya kallonsa duka daga azahar zuwa isha'i. Haka kuwa muka yi a ɗakin kwananmu na ɗalibai, mu biyar a gaban kwamfuta ɗaya.

Kafin mu shiga cikin labarin, ya kamata mu yi bayanin halittar da aka gina shi a kanta, wadda Turawa ke kira bamfaya. A camfin mutanen gabashin Turai, bamfaya mamaci ne da ke fitowa daga kabari da dare yana shan jinin masu rai, wanda ya sha kuwa shi ma sai ya mutu ya zama irinsa. Mu Musulmi mun sani wanda ya mutu ya tafi ke nan sai tashin ƙiyama, saboda haka babu mai cewa a gaskata wannan. Amma kada mu ɗauka wasa Turawan suke yi da shi a da. A shekarar 1725, a wani ƙauye mai suna Kisiljevo a ƙasar Sabiya, mutane sun tone kabarin wani manomi, Petar Blagojevic, suka soke gawarsa da tsinin itace, suka ƙone ta, domin sun ce shi ne ke kashe maƙwabtansa. Irin wannan ya yi ta faruwa har sai da Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta sa likitanta Gerard van Swieten ya bincika, sa'an nan ta hana tone kaburbura a kan wannan zargi a shekarar 1755. Har a Amurka ma, a shekarar 1892, an tone gawar wata budurwa mai suna Mercy Brown a jihar Rhode Island, domin 'yan gidansu suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tarin fuka ne kuwa ke kashe su, cutar da Robert Koch ya riga ya gano ƙwayarta tun 1882, shekara goma kafin nan. Daga irin waɗannan camfe-camfe ne Bram Stoker ya gina littafinsa Dracula a shekarar 1897, daga littafin nan kuma finafinai bila adadin suka tsiro. Ku riƙe mana wannan a zuci: duk inda aka tone kabari, akwai ciwon da mutane ba su gane ba, da kuma tsoron da ke neman wanda zai faɗa wa.

To, ga yadda labarin Ultraviolet yake. Akwai wani ɗan sandan ciki a Landan, Michael Colefield, wanda amininsa kuma abokin aikinsa Jack ya ɓace ana gobe ɗaurin aurensa da wata yarinya, Kirsty. Cikin neman abokinsa sai Michael ya ci karo da wata rundunar ɓoye ta gwamnati, wadda ita ma Jack take nema. A nan ya gane cewa Jack ya riga ya zama mashayin jini. Da hannunsa ya hallaka abokin nan nasa, ya kuma shiga rundunar, ba tare da ya iya gaya wa Kirsty abin da ya sami angonta ba. Shugaban rundunar wani limamin coci ne, Pearse Harman. Likitarsu ita ce Angie March, wadda ta rasa mijinta da ɗiyarta ɗaya ta hannun waɗannan halittu. Sai kuma Vaughan Rice, wanda Idris Elba ya fito a matsayinsa, tsohon soja wanda ya yi Yaƙin Tekun Fasha, mutum mai ƙarancin magana da saurin ɗana kunamar bindiga.

Abu na farko da ya burge mu shi ne, tun daga farkon wasan har ƙarshensa ba wanda ya furta kalmar bamfaya. A takardun ofis ana kiransu Lamba Biyar, domin biyar a lissafin Rumawa ita ce V, harafin farko na sunansu. Idan ran 'yan rundunar ya ɓaci kuwa, sai su ce da su matsattsaku. Marubucin ya kori duk tarkacen da aka saba gani, su jemage da tsohuwar fada da baƙar alkyabba. Mashayan jininsa suna sanye da kwat, suna da hannu a bankuna da ɗakunan bincike na likitoci, suna kuma shiga mota mai baƙin gilashi idan tafiyar rana ta kama su. Maharbansu ma sun bar tsinin itace sun koma ga harsashin gawayi, sun bar rataya tafarnuwa sun koma ga gurneti mai hayaƙin sinadarinta. Wurin da aka ciji mutum ba ya ganuwa sai an haska shi da hasken nan da aka sa wa wasan sunansa. Sa'an nan tun da yake a camfin Turawa bamfaya ba ya fitowa a madubi, sai marubucin ya ce ashe ba zai fito a hoto ba, muryarsa kuma ba za ta bi wayar tarho ba. Saboda haka kowace bindiga ta rundunar tana ɗauke da ƙaramar kyamara. Idan maharbi ya ga mutum da idonsa, amma allon kyamara ya nuna wuri fayau ba kowa, to ya tabbata abin da ke gabansa ba ɗan Adam ba ne. Wannan kyamara ma ku riƙe mana ita, domin za mu dawo kanta.

Abu na biyu shi ne sunayen kashi-kashin wasan, waɗanda duk da harshen Latin aka sa su, harshen kotu da coci a ƙasar Turai. Na farko Habeas Corpus, watau umurnin alƙali na a kawo wanda aka tsare gaban shari'a. Na biyu In Nomine Patris, watau da sunan Uba. Na uku Sub Judice, magana tana gaban alƙali. Na huɗu Mea Culpa, laifina ne. Na biyar Terra Incognita, ƙasar da ba a sani ba. Na shida Persona Non Grata, mutumin da ba a maraba da shi. A ganinmu gugar zana ce marubucin ya yi da gangan, domin a cikin wasan duka ba mu ga an kai ko ɗaya daga cikin Lamba Biyar gaban alƙali ba. Rundunar ita ce mai zargi, ita ce mai shaida, ita ce kuma hauni. Wanda ta harbe sai ya zama toka, a zuba tokar cikin gwangwani a kulle a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

An ce wasan na manya ne, kuma gaskiya ne, amma kada wani ya zaci tsiraici ko yawan zubar da jini ake nufi. Nauyin maganganun da ke ciki ne ya fi ƙarfin yara. A kashi na uku akwai mace mai ciki wadda ake tantamar abin da ke cikinta, mutum ne ko waninsa, kuma dole a yanke shawara a kansa. A kashi na huɗu an taɓo masu lalata da ƙananan yara. A kashi na biyar an ga talaka da aka kawo daga Barazil jini na zubar masa, bayan an yi gwajin jinin ƙirƙira a jikinsa. A cikin wannan kashi ne kuma aka kulle Vaughan a wani sito tare da akwatunan gawa masu agogo, waɗanda za su buɗe da kansu da faɗuwar rana. Yana zaune yana kallon agogo, yana lissafin ko ya kashe kansa kafin su fito. Babu kiɗa mai yawa, babu ihu, amma mu biyar ɗin nan da ke kallo ba wanda ya ko yi tari. A nan ne mai kallo zai gane cewa Idris Elba zai yi nisa. Daga bisani kuma shi kansa limamin, Pearse, likita ya gaya masa yana da ciwon daji, a daidai lokacin da rundunar ta kama wani babba cikin Lamba Biyar da ransa, wanda Corin Redgrave ya fito a matsayinsa. Wannan fursuna ya zauna yana yi wa limamin magana mai daɗi, yana nuna masa cewa su ba zaman gaba suke nema ba, kuma ga hanyar tsira daga mutuwa a buɗe idan yana so. Wannan zama na mutum biyu a ɗaki ɗaya shi ne ƙololuwar wasan a wurinmu.

Ba za mu yi adalci ba idan muka tsaya kan yabo kaɗai. Wasan yana da sanyin tafiya, wanda ya saba da finafinan Indiya ko na Amurka zai iya yin gyangyaɗi a kashi na biyu. Ba raha a cikinsa ko kaɗan, kowa fuska a murtuke tun safe har dare, kamar gidan makoki. Soyayyar ɓoye da Michael yake yi wa Kirsty ita ce igiyar da ya kamata ta ɗaure labarin, amma ita ce ta fi kowace rauni, domin an mai da Kirsty kamar ƙwallo, kowa ya samu ya buga, ba a ba ta wayon kanta ba. Ƙarancin kuɗi ma ya nuna, domin rundunar da aka ce tana kare duniya ba ta fi cikin ofis ɗaya ba. Ƙarshen kuma ya zo da gaggawa. A kashi na shida ne aka tona cewa manufar Lamba Biyar ita ce su samu jinin ƙirƙira da zai wadatar da su, sa'an nan su jawo duhun da ke biyo bayan yaƙin nukiliya, rana ta dushe, duniya ta zama tasu. Magana mai girma irin wannan tana bukatar fili fiye da awa ɗaya. An rufe labule an bar ƙofa a buɗe domin ci gaban da bai zo ba.

Duk da haka akwai wani abu da wasan ya yi wanda ya sa muka kawo shi gabanku. Ya nuna yadda farauta take cin maharbi. Michael ya zama maƙaryaci ga matar da yake so. Angie ta zama kamar dutse, har ɗiyarta da ta rage ba ta samun fuskarta. Vaughan ya kai inda yake zargin abokin aikinsa kafin ya zargi maƙiyi. Ku lura, jama'a, waɗannan mutane abokin gabarsu na gaskiya ne a cikin labarin, kuma suna da kyamarar da ba ta kuskure. Duk da wannan tabbaci, aikin kisa ba shari'a ya lalata su. To, yaya ke nan ga mutanen da ba su da irin wannan kyamara?

Nan ne kifi ya haɗu da kaska. A ƙasar Hausa ba mu da mamaci mai fita daga kabari, amma muna da maye. A camfinmu maye mutum ne mai rai, mai ƙanƙarar maita a ciki, wanda ke kama kurwar mutum ya ɓoye, mai kurwar ya yi ta ramewa har ya mutu. Muna da namu makaman kariya, su tazargade da layu, da cewa "kurwata kur" idan an haɗu da wanda ake tsoro. Muna kuma da tamu hanyar ganewa, watau mara lafiya ya kama sunan wani cikin sambatu, shi ke nan an sami mai laifi, a jawo shi a ce ya tsallaka majinyaci domin ya saki kurwar. Bambancin da ke tsakani babba ne. Baturen da ya tone kabari gawa ya wulaƙanta, mu kuwa mai rai muke wulaƙantawa, ya kuma bar wa 'ya'yansa da jikokinsa tabon da zai hana su aure.

Za mu ba ku wani abu da muka gani da idonmu, kuma shi ne namu kashi na huɗun, watau laifinmu ne. Muna 'yan firamare, cikin damina, a wata unguwar manoma da ke kusa da garinmu, wata yarinya ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Da dare ya yi sai ta shiga jijjiga tana kiran sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza kuma suna can kudu wajen neman kuɗi. Kafin hantsi an jawo tsohuwar nan, zanenta na jan ƙasa, tana rantsuwa da Allah ba wanda ya saurare ta. Aka sa ta tsallaka yarinyar sau uku. Mu yara muna biye muna ihu, kuma ba za mu ɓoye muku ba, har da mu cikin masu jifa. Yarinyar ba ta farfaɗo ba sai da wani kawunta ya ɗauke ta a babur ya kai ta asibiti, inda aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, aka yi mata allurai ta warke. Tsohuwar kuwa ba wanda ya sake sayen daddawarta. Kafin kaka ta tattara komatsanta ta bar unguwar, ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Hausawa na cewa idan maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. Mu kuma muna tambaya, wadda aka yi wa ƙazafin maita fa, wa zai tuna da ita? Likitoci sun tabbatar cewa zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo jijjiga da suma da sambatu, kuma yaro mai sambatu sunan da ya saba ji zai kira. Wannan ce kyamarar da muka yi hukunci da ita.

Ban da maita kuma, wa ke cikinmu da bai ji labarin 'yan shan jini ba tun yana yaro, masu mota mai baƙin gilashi da ake cewa suna ɗauke mutane? Irin wannan jita-jita ba mu kaɗai ke da ita ba. Wata malamar tarihi, Luise White, ta wallafa littafi a shekarar 2000 kan yadda mutanen gabashi da tsakiyar Afirka a zamanin mulkin mallaka suka yi imani cewa 'yan kwana-kwana suna kama mutane su zuƙe musu jini domin Turawa. A ƙasar Malawi kuwa, a shekarar 2017, an kashe mutum aƙalla takwas a kan zargin shan jini, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomin kudancin ƙasar. Ba kuma za mu ce tsoron talaka duka jahilci ne ba, domin wani lokaci yana da tushe. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara kimanin 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda ya san wannan, kashi na biyar na Ultraviolet ba zai zame masa baƙo ba. Amma ku duba, maganar Kano kotu ta je, aka kawo takardu da shaidu. Maganar Malawi kuwa a bakin titi aka yanke ta da sanduna.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mu mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba sai an ba mu labarin masu fitowa da dare ba. A watan Yuni na 2020 an yi wa Kadisau kisan gilla. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu uku. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Waɗannan 'yan bindiga ba tatsuniya ba ne, kuma duk wanda ya ce kada mutane su kare kansu da iyalansu, bai taɓa kwana a gona ba don gudun a same shi a gida. Muna jinjina wa duk wanda ya tsaya a bakin ganuwa wasu suka sami barci, muna kuma roƙon Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasa rayukansu a wannan aiki.

Amma akwai wata kalma da ta shigo bakinmu a waɗannan shekaru, wadda take aiki irin na kalmar maye, ita ce infoma, watau mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Lalle akwai masu wannan cin amana, kuma sun cancanci hukunci mai tsanani. Tambayar ita ce, yaya ake gane su? Sau da yawa shaidar ba ta wuce "an ce" ba. An ga ya yi sabon babur. An ga yana waya a bayan gari. An ga ya sayar wa Bafillace gero a kasuwa. Ko kuwa shi kansa Bafillace ne, wanda kakansa da kakanmu suka yi shekara da shekaru suna musayar nono da hatsi. Wanda ke da rikicin gona da ɗan'uwansa, ko wanda aka kasa wajen neman aure, ya sami makamin da ya fi bindiga sauƙi. Idan kuwa aka kashe mutum ɗaya bisa kuskure, 'ya'yansa da ƙannensa ina za su nufa in ba daji ba? Ta haka muke ƙara wa maƙiyanmu yawa da hannunmu, tamkar dai yadda cizo ɗaya ke haifar da sabon mashayin jini.

Ba a bar mu babu jagora ba a kan wannan. A shari'ar Musulunci wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja, kuma malamai sun daɗe da karantar da mu cewa ana kau da haddi idan akwai shubuha. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifinsa, sashe na 35 kuma ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin ƙayyadadden lokaci. Dokar laifuffuka ta Final Kot, wadda aka fara aiki da ita a Jihar Arewa a 1960, ta sa jifan mutum da maita cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta a majalisar ƙofar gida: an kama ɓarawo an miƙa wa hukuma, bayan sati biyu ga shi yana yawo a kasuwa yana nuna wanda ya kama shi da yatsa. Wannan kuka gaskiya ne, kuma shi ne ke tura mutanen kirki ga ɗaukar doka a hannu. Amma idan rijiya ta gurɓace yashe ta ake yi, ba a komawa shan ruwan kwata. Abin da ya kamace mu shi ne mu matsa wa hukuma lamba ta gyara kotuna, ta kare masu ba da shaida, ta kuma hukunta wanda aka kama da hujja a idon jama'a.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ne ake kira 'yan boko idan mun koma gida hutu, kuma ana sauraronmu fiye da yadda muke zato. Roƙonmu gare ku guda uku ne. Idan yaro ya kama sunan wani cikin zazzaɓi, ku zama kawun nan mai babur, ku ce a fara zuwa asibiti. Idan aka turo muku hoton wani a waya an ce infoma ne ko ɗan shan jini, kada ku tura wa na gaba, ku tambayi wanda ya turo, wa ya gani, a ina, yaushe. Masu sha'awar rubutu da shirya fim a cikinmu kuma, ga fili nan. Finafinanmu sun sha nuna maye yana rikiɗa, boka yana kama shi, jama'a na tafi. Muna jiran wanda zai rubuta mana kashi shida daga ɓangaren tsohuwa mai daddawa, ko daga ɓangaren ɗan sa-kai wanda ya gane da safe cewa wanda suka kashe jiya ba shi ba ne. Joe Ahearne bai bukaci kuɗi mai yawa ba, ɗaki ɗaya da mutum biyu da tambaya mai nauyi sun ishe shi.

Hukuncinmu kan Ultraviolet dai shi ne, wasa ne mai kyau mai aibobi, wanda ya cancanci yini guda na duk babban da ke da haƙurin kallo, amma a kori yara tukuna. Abokinmu mai tambayar kifi da kaska yana nan zaune a layi na uku, muna fata ya sami amsarsa.

Shugaba, mun ga kana duban agogo, saboda haka a nan za mu dasa aya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman afuwar malamanmu. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Ruwan Godiya da ƙasar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, Ya kiyashe mu da zaluntar wani ko a zalunce mu. Wassalamu alaikum.